Tagar Duniya: Mafarautan furen sakura

A daidai lokacin da zafin bazara ke gasa Maraɗi da Damagaram, kowa na neman inuwar bedi da ruwan randa, can a ƙasar Japan sanyin hunturu ne ke naɗe tabarmarsa. Tsakanin ƙarshen watan Maris da farkon Afrilu, wani icce da ake kira sakura yakan yi abin da ya saba yi kowace shekara: kafin ganye ya fito sai rassansa su cika maƙil da fure, har mai hange daga nesa ya zaci gajimare ne ya sauko ya zauna bisa gari. Irin da ake shukawa cikin garuruwa ba don ƴaƴa ake shuka shi ba, ba kuma don katako ko makamashi ba. Furen nan kaɗai ne amfaninsa, shi ma da ƙyar yake cika mako biyu. Amma a cikin ƴan kwanakin nan, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 120 takan koma tamkar gidan biki. Iyalai da abokan aiki su shimfiɗa leda ƙarƙashin itatuwa, a ci, a sha, a ɗaga kai sama. Sunan wannan al'ada hanami, wato kallon fure.

A gefen masu ci da sha akwai wata runduna da ba ta da lokacin zama. Su ne masu ɗaukar hoto don sha'awa. Akwai tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya, masu jaka cike da gilasan kyamara, waɗanda kan isa ƙofar lambu tun duhun asuba. Akwai ɗalibai da matan gida da wayar salula a hannu. Akwai kuma baƙi daga ƙasashen waje, waɗanda yawansu a shekarar 2024 ya kusa kai miliyan 37. Ba sana'arsu ba ce, ba wanda zai biya su ko dala, amma sun fi masu sana'ar naci. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Su waɗannan mutane gani ma bai ishe su ba, sai sun kamo abin sun kai gida. To, abin tambaya shi ne: me suke kamowa?

Dalilin gaggawarsu yana cikin asalin iccen. Ire-iren sakura sun kai ɗaruruwa, amma wanda ya mamaye tituna, harabar lekol da bakin koguna shi ne Somei-Yoshino, wanda masu renon itatuwa na wani ƙauye mai suna Somei, da yanzu birnin Tokiyo ya haɗiye, suka fara sayarwa wajen tsakiyar ƙarni na 19. Ba daga iri ake samun sa ba. Reshe ake yankowa a ɗaura wa wani gindi, kamar dai yadda masu garka ke yi wa mangwaro aure. Saboda haka duk wani Somei-Yoshino da ke tsaye a yau, daga tsibirin Kiyushu a kudu har Hokkaido a arewa, jiki ɗaya ne aka rarraba. Tun da halittarsu ɗaya ce, amsarsu ga yanayi ma ɗaya ce: in ɗumi ya iso gari sai su buɗe tare kamar an kaɗa musu ganga, bayan kamar mako guda su cika, bayan wani makon kuma iska ta kakkaɓe su tare. Wanda ya makara da kwana uku, sai baɗi.

Shi ya sa gwamnati ma ta sa hannu. Tun 1953 ma'aikatar meteyo ta Japan take bin furen sakura kamar yadda take bin ruwan sama. A kowane babban gari akwai icce ɗaya da aka zaɓa ya zama ma'auni. Na Tokiyo yana harabar wurin bauta na Yasukuni. Ma'aikaci yakan je ya tsaya gindinsa ya ƙirga. In ya ga fure biyar ko shida sun buɗe, sai ya sanar cewa fure ya fara. In kashi 80 bisa 100 suka buɗe, a ce ya cika. Ana wannan ƙirga ne gaban ƴan jarida, kyamarorin telbijin da taron ƴan kallo, kowa na ɗaukar hoton mutumin da ke kallon fure. A 2007 wani kuskure a lissafin kwamfuta ya sa ma'aikatar ta faɗi ranar da ba ita ba, sai da manyanta suka fito suka nemi gafarar jama'a. Daga 2010 ta bar wa kamfanoni masu zaman kansu aikin hasashe, ita kuma ta tsaya ga ƙirga. Masu sha'awa suna da nasu lissafin na gida: a riƙa tara ma'aunin zafi mafi girma na kowace rana tun daga 1 ga Fabrairu, in jimla ta kusa 600 to a shirya jaka. Wasu kan bi furen a jirgin ƙasa, daga kudu a ƙarshen Maris har birnin Sapporo wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, sama da wata guda suna farautar abin da a kowane zango ba ya jira.

Kuma farautar ba ta da sauƙi. Wanda ya fara ɗaukar hoton sakura yakan koma gida da ɓacin rai, domin abin da ya gani da ido yana ƙyalli, a hoto sai ya fito toka-toka kamar tsohon farin yadi da ya sha ƙurar hunturu. Laifin ba na iccen ba ne. Ma'aunin haske da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa duniya, in aka gauraya fari da baƙinta, launin toka ce. In aka cika masa ido da fari sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage, fari ya dishe. Tsofaffin hannu sun san magani: a ƙara wa kyamara haske da mataki ɗaya ko kusa da haka, a saɓa wa shawararta. Matsala ta biyu sama ce. A wannan lokaci na shekara sararin samaniyar Japan kan yi wani hazo fari-fari, har suna da sunansa, hanagumori, wato lumshin fure. Farin fure bisa farar sama, hoto ya tashi ba gaba ba baya.

Nan ne wuraren ibada suke shigowa. Mai karatu zai iya zaton ibada ce ke kai masu kyamara haikalin Buda ko wurin bautar Shinto. Ga mafi yawansu duhu suke nema. Rufin tayil mai launin gawayi, ginshiƙan katako da shekaru ɗaruruwa suka baƙanta, jan fenti na ƙofa, koren gansakuka a gindin bango, su ne ke sa farin fure ya fito fili. A birnin Kiyoto, tsohuwar fadar ƙasar, kowane haikali da irin hoton da aka san shi da shi. A To-ji, hasumiyar katako mai hawa biyar da tsawon mita 55 ce ake sakawa bayan wani sakura mai rassa zube kamar gashin da aka tsefe. A Kiyomizu-dera, wanda ke buɗe ƙofa tun ƙarfe 6 na safe, dandamalin katako ne da ke rataye bisa kwari, fure na ƙasa da ƙafar mai kallo. A Ninna-ji kuwa itatuwan gajeru ne, ba su fi mita biyu zuwa uku ba, fure daidai fuskar mutum, kuma sukan makara har wajen tsakiyar Afrilu, sun zama mafakar waɗanda sauran wurare suka kuɓuce musu. Gwanaye sun fi son hantsi bai yi ba, rana na ƙasa-ƙasa, su tsaya ta yadda haske zai ratso ganyen furen ta baya. Wasu ma ba sa damuwa da ranar cikar fure. Jira suke ranar zubarsa, lokacin da iska ke watsa shi kamar dusar ƙanƙara, ko ya rufe fuskar ruwa ruf, irin yadda yake yi a ramin da ya kewaye tsohuwar ganuwar Hirosaki.

Duk wannan dabara ce ta halal. Inda magana take shi ne launi. Duk wanda ya san sakura ta hoto kaɗai zai rantse cewa ruwan hoda ne mai kauri. Alhali Somei-Yoshino in ya buɗe sosai kusan fari ne, sai ɗan jirwayen ja da ke ɓoye a tsakiyarsa. Ruwan hodan da duniya ta sani, da yawansa hannun mutum ne ya zuba shi, kuma ba yau aka fara ba. A 1863 wani Bature mai suna Felice Beato ya buɗe shagon hoto a tashar jiragen ruwa ta Yokohama. Hoton wancan zamani ba shi da launi, sai ya ɗauki masu zane na ƙasar suna bi da ɗan buroshi suna shafa wa kowane hoto launi. Ɗaya daga cikin yaran shagon, Kusakabe Kimbei, ya buɗe nasa a 1881, ya yi suna wajen sayar wa matafiya kundin hotunan Japan. A cikin irin waɗannan kundaye ne Turai da Amurka suka fara ganin titunan sakura, kuma mai buroshi bai yi rowar ja ba, domin ya san abin da mai saye ke so.

Da filim mai launi ya zo, kamfanoni suka karɓi aikin buroshi. A 1986 Fujifilm ya fito da ƴar kyamarar kwali da ake amfani da ita sau ɗaya, wadda ta sa ko yaron lekol ya zama mai ɗaukar hoto. A 1990 kuma ya fito da filim mai suna Velvia, wanda ke ƙara wa kowane launi gishiri: kore ya fi kore, shuɗi ya fi shuɗi. Masu ɗaukar hoton daji da lambu suka rungume shi hannu biyu. A ƙarshen shekarar 2000 wayar salula mai kyamara ta kamfanin Sharp ta shiga kasuwar Japan, yau kuma wayar da kanta take gyara launi kafin mai ita ya ga hoton, in bai ƙoshi ba ya ƙara da ɗan yatsa. Sakamakon haka, baƙo kan sauka Kiyoto ya tsaya gaban iccen gaskiya ya ji kamar an cuce shi. Ya zo neman abin da ya gani a waya, sai shi ma ya ɗauka, ya ƙara ja, ya aika wa na gida. Haka zancen ke ta zagayawa.

Ba a rasa masu tsawatarwa ba. Domon Ken, ɗaya daga cikin manyan masu hoto na Japan, wanda ya rayu daga 1909 zuwa 1990, ya yi alƙalancin gasar wata-wata ta wata mujallar hoto tun daga 1950. Dubban masu sha'awa ke aiko masa da aikinsu, shi kuma yana yi musu faɗa a rubuce cewa su bar shirya hoto da yi masa kwalliya, su ɗauki abin da ke gabansu yadda yake. Shi da kansa ya shafe shekaru yana yawo tsofaffin haikalai, har bayan ciwon shanyewar jiki ya sa shi a keken guragu. Irin waɗannan mujallu su ne makarantar masu sha'awa har tsawon ƙarni guda. Asahi Camera, wadda aka fara bugawa a 1926, ta rufe a 2020. Alƙalin yau shi ne yawan waɗanda suka danna alamar so a Instagram, shi kuwa wannan alƙali ruwan hoda yake so.

Akwai ƙarya ta biyu, wadda ta fi ta launi tsada. A hoton sakura da ake yabo ba a ganin kowa: haikali shiru, hanya wayam, sai ka ce mai kyamara ne kaɗai ya rage a duniya. Gaskiyar wurin ita ce kafaɗa na gugar kafaɗa, kuma kowane ɗaya cikin dubban nan ƙoƙari yake ya fitar da sauran daga hotonsa. Mai son wuri mai kyau ya tsallake igiya. Mai son fure kusa da fuskar amaryarsa ya jawo reshe. Mai son ruwan fure ya girgiza icce. Haikalai da yawa a Kiyoto sun hana shiga da sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara, saboda tana tare hanya tana kuma huda gansakukan da aka yi shekaru ana reno. A cikin ɗakunan da gumaka suke kuwa galibi an hana hoto ɗungum. A 2019 mazauna unguwar Gion suka kafa alluna masu hana ɗaukar hoto a lungunansu, da tarar yen 10,000, bayan baƙi sun mai da bin matan geisha da kyamara abin wasa.

Abin ya fi muni a gindin dutsen Fuji. A watan Mayu na 2024 hukumomin garin Fujikawaguchiko suka kafa baƙar raga mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2.5 a bakin titi, don kawai su toshe wa masu hoto wani wuri da dutsen ke leƙowa ta bayan wani kanti. Cikin ƴan kwanaki aka tarar an huhhuda ragar daidai girman idon kyamara. A garin Fujiyoshida da ke maƙwabtaka akwai wani tudu mai matakala kusan 400, inda ake haɗa abu uku a hoto ɗaya: jar hasumiya mai hawa biyar, furen sakura da farin kan Fuji. Wannan hoto ya zama tamkar hatimin Japan a idon duniya, ko da yake hasumiyar ba tsohon haikali ba ce, bayan yaƙin duniya na biyu aka gina ta don tunawa da ƴan garin da suka mutu a yaƙi. Cunkoso, shara da kutsawa gidajen mutane suka kai ga a farkon 2026 hukumomin garin suka soke bikin sakura da suka saba shiryawa a wurin. Gari ya kira baƙi da hoto, hoto kuma ya kawo abin da ya fi ƙarfin gari.

Mutane suna da bakin kuka, icce ba shi da shi. Saiwar sakura ba ta nitsewa can ƙasa, shimfiɗuwa take kusa da sama, daidai inda ake taka ƙafa da shimfiɗa leda. Ƙasa in ta daddanne, iska da ruwa ba sa isa ga saiwa. Reshe kuwa in ya karye, raunin ba ya saurin warkewa, ruɓa ke shiga ta nan ta bi har cikin gindi. Mutum ɗaya ba ya kashe icce da tafin ƙafarsa, amma yawa shi kan sa zare ya ja dutse.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce mafarautan fure ɓarna kaɗai suke yi. Sai dai akwai wani amfani da ke fita daga hannunsu ba tare da sun nufa ba, kuma kafin a gane shi sai an koma baya da shekara dubu da ɗari biyu. A shekarar 812 Sarki Saga ya yi walimar kallon fure a lambun Shinsen-en da ke Kiyoto, marubutan fada suka rubuta ranar. Daga nan fadawa, hakimai da malaman haikali suka ci gaba da rubuta irin wannan a littattafan da suke ajiye labarin yau da gobe: ran kaza an fita kallon fure, an yi waƙa, an sha giya. A 1598 Toyotomi Hideyoshi, jarumin da ya haɗe Japan ƙarƙashin takobinsa, ya sa aka dasa sakura 700 a haikalin Daigo-ji, ya gayyaci mutum wajen 1,300, ya yi bikin da ba a manta ba, bayan wata biyar ya mutu. Ba ɗaya daga cikin marubutan nan da ya san yana aikin kimiyya. Labarin shagali suke rubutawa.

Wani shehun malami na jami'a a Osaka, Yasuyuki Aono, shi ya bi waɗannan tsofaffin takardu ɗaya bayan ɗaya. Aikin ba ƙarami ba ne, domin Japan da lissafin wata take aiki har 1873, sai an juya kowace rana zuwa kalandar yau, aikin da duk wanda ya taɓa neman ranar haihuwarsa tsakanin Hijira da Miladiyya ya san wuyarsa. Ya kuma tsaya ga iri ɗaya, sakuran dutse da ake kira yamazakura, tun da Somei-Yoshino baƙo ne na jiya. Abin da ya fito jeri ne na ranakun cikar fure a gari ɗaya tun daga ƙarni na 9, wanda da wuya a sami kamarsa a duniya. Ƙarni bayan ƙarni ranar tana kai da komo a kewayen tsakiyar Afrilu. Daga ƙarni na 19 sai ta fara gangarowa, ba ta kuma koma ba. A 2021 fure ya cika ran 26 ga Maris, ya karya abin da aka rubuta tun 1409, wato 27 ga Maris. Wani bincike da Aono ya yi tare da masanan meteyo na Ingila, aka buga a 2022, ya nuna cewa ɗumamar yanayi da zafin da birni ke tarawa a jikinsa sun jawo ranar gaba da kamar kwana 11.

Talakan Japan bai buƙaci jami'a ba kafin ya lura. Shekarar karatu a can a watan Afrilu take farawa, kuma kusan kowane gida yana da hoton yaro ranar shigarsa lekol, da sabuwar jaka a baya, tsaye a ƙofar makaranta. A hoton kaka, fure ne cike bisa kansa. A hoton jika, a Tokiyo da garuruwan kudu, sau da yawa koren ganye ne, furen ya riga ya zube tun wajen bikin sallamar ɗalibai na watan Maris. A 2020, 2021 da 2023 iccen Yasukuni ya buɗe ran 14 ga Maris, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ƙirga. Kada kuma a ɗauka abin yana tafiya a miƙe ne: a 2024 sanyi ya dawo cikin Maris, fure bai buɗe ba sai ran 29, aka yi bukukuwa ƙarƙashin rassa tsirara, baƙin da suka sayi tikitin jirgi tun watanni suka koma da hoton toho. Daɗin daɗawa, iccen yana buƙatar sanyin hunturu sosai kafin ya farka daga barci, shi ya sa a can kudu, wajen Kagoshima, in hunturu ya yi laushi furen kan fito a warwatse, wani reshe ya buɗe wani na barci.

Hoton yaro a ƙofar lekol, wanda ba zai ci gasa ko ta unguwa ba, ya fi hoton hasumiya da aka tsefe amfani ga mai bincike, don yana da abu biyu: rana da wuri. Masana sun daɗe da gane haka. Richard Primack na jami'ar Boston da abokan aikinsa sun taɓa ajiye hotuna biyu na wata maƙabarta a garin Lowell na Amurka gefe da gefe, ɗaya na ran 30 ga Mayu 1868, ɗaya na ran 30 ga Mayu 2005. A na farko itatuwa ba ganye, a na biyu sun yi lif. Wanda ya ɗauki na 1868 taron tunawa da mamata ya je ɗauka, itatuwan shigowa suka yi ta baya. Wayar yau kuwa da kanta take rubuta rana, sa'a da wuri a cikin kowane hoto. Wasu masana a Ostareliya sun tace hotunan da mutane suka zuba a Flickr tsakanin 2008 da 2018, suka ga tafiyar fure daga kudu zuwa arewa ta fito a cikinsu, ta kuma dace da ƙirgar hukuma. Kamfanin hasashen yanayi na Weathernews ya daɗe yana roƙon jama'a kowa ya zaɓi icce ɗaya a unguwarsa ya riƙa aiko da hoton tohonsa. A watan Oktoba na 2018, bayan guguwar teku ta kakkaɓe ganyen itatuwa, irin waɗannan mutane ne suka aiko da rahoto sama da 300 cewa sakura ya yi fure ba a lokacinsa ba. Bayani ya zo daga baya: ganye ne ke fitar da sinadarin da ke hana toho buɗewa kafin hunturu, da ganyen ya tafi sai toho ya ruɗe.

Yanzu buƙatar ta wuce ta ranar fure, ta kai ga ran iccen kansa. Yawancin Somei-Yoshino da ke tituna an dasa su ne a shekarun sake gina ƙasa bayan yaƙi, sun tsufa tare kamar yadda suke fure tare, kuma cutar da ta kama ɗaya ba ta da dalilin ƙyale sauran. Akan ce shekara 60 ce iyakarsu, amma Hirosaki ya ƙaryata wannan: akwai wanda aka dasa a 1882 yana nan yana fure, domin masu kula da lambun sun ari dabarar manoman tuffa na yankin, suna datse ruɓaɓɓen reshe, su shafa magani, su ba saiwa taki. Sai dai irin wannan kulawa kuɗi take ci, ƙananan hukumomi da yawa kuwa ba su ma san halin da itatuwansu ke ciki ba. A 2025 kamfanin Kirin ya fito da wata manhaja da mutum zai ɗauki hoton icce da waya, ita kuma ta kimanta shekarunsa da lafiyarsa, a tara sakamakon don hukumomi. Hoton da take nema ba na gasa ba ne: iccen gaba ɗaya daga nesa, sannan gindinsa daga kusa.

Abokin gaba mafi haɗari ma ba ya fitowa lokacin da masu kyamara ke nan. Wani baƙin ƙwaro ne mai jan wuya da dogayen ƙahoni, ɗan asalin yankin Sin, wanda aka tabbatar da shigarsa lardin Aichi a 2012, gwamnati kuma ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna a 2018. Yakan saka ƙwai a ɓawon sakura, tsutsarsa ta shige ciki ta yi shekara biyu ko uku tana ci, icce na fure a waje yana mutuwa a ciki. In ta yi yawa ba abin yi sai a sare a ƙone. Alamarta kaɗai ita ce wata dusa ja-ja, garin icce gauraye da kashinta, da ke tarawa a gindi cikin watannin zafi, lokacin da sakura ya koma koren icce kamar kowane, ba mai waiwayarsa. Garin Tatebayashi na lardin Gunma ya kai ga biyan yen 50 kan kowane ƙwaro da aka kashe aka kawo. A lardunan da abin ya shafa, sanarwar hukuma ga mazauna iri ɗaya ce: wanda ya ga dusar nan a gindin icce, ya ɗauki hotonta, ya rubuta wurin da ranar, ya aika ofishin magajin gari.